Daɓen Madafa da Kuɗin Lawali

Madarumfa, ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya a Ɗan Issa, kai da maginanka da abokan aikinka. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa gidan da kake ƙarasawa ya zama wurin kwanciyar rai. Mu nan lafiya lau. Uwarka tana gaishe ka. Matarka Rakiya ma tana gaishe ka, ta gama ɗaure kayan tashi tun shekaranjiya, har tabarmar da nake kishingiɗa a kai sai da na roƙa aka bar mini.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Ranar Juma'a da ka zo ka bar mini debin da Lawali ya rubuta maka, wato takardar kuɗin sa karo, tayil ɗin daɓe, a madafar sabon gidanka, jikka ɗari da tamanin na sefa. Ka ce wani ya yi maka magana ta waya zai yi a ɗari da talatin. Ka ce Lawali, wanda kuka tashi tare kuna wanka a tabki, ya ga ka fara samu shi ne yake son ya yanke ka. Ka roƙe ni in kira shi ƙofar gida lokacin ciyayya, gaban dattawa, in sa baki ya sauko. Na ce maka sai na yi tunani. To, na yi. Ba zan kira shi ba. Dalilin yana da tsawo, kai kuma in na fara magana ba na kai tsakiya sai ka ciro waya daga aljihu, shi ya sa na rubuta.

Madafar uwarka sau biyu aka sa mata karo. Kana makarantar boko a Maradi lokacin, ka dawo hutu ka tarar da daɓe, ba ka tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Abin ya fara ne a Katsina. Na kai wake, na sauka gidan mai masaukina, na wuce ta tsakar gida zan yi alwala sai na ga ƙofar madafarsu a buɗe, ƙasa tana ta ƙyalli. Shi ke nan. Ba wani dalili bayan wannan. Ban ji uwarka ta taɓa kuka da daɓenta na ƙasa ba, wanda ita da maƙwabta suka daɓe da hannunsu suka zuba masa makuba. Ni dai na ga na wani, na ce ba ni da abin da ya fi ni da shi sai wannan. Da na dawo na shaida mata, tana cikin tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Malam, turmin hwa?”

Na ce mata harkar gini ba ta mata ba ce. Ta ce, “To, Allah shi ba da sa'a.” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba ko dala ɗaya a cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da ban taɓa hura wuta a ɗakin nan ba, ni na yanke yadda ƙasansa za ta kasance. Saboda haka kafin ka sake duba takardar kowa, ka ɗauki Rakiya a moto ka kai ta ta tsaya cikin madafar. Ta nuna maka inda za ta ajiye murhu, inda za ta yi wanke-wanke, inda ruwa zai bi ya fita, da inda za ta yi daka. Na san za ka ce yanzu inji ake kai niƙa. Haka ne, amma yaji da daddawa da kuɓewa busasshiya har gobe turmi suke sani. Ba ka iya cewa kuɗin aiki ya yi yawa ko ya yi daidai alhali ba ka san aikin da kake so a yi maka ba.

Mutum na farko da na kira shi ne Idi Maso, magini. Ka san shi, wanda yake zaune a Gabi yanzu. A lokacin maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ubansa marigayi abokin fataucina ne, shi ya sa Idi yake ce mini Baba, kuma kullum bayan magariba akushinsa yana cikin akussan da ake fitowa da su ƙofar gidana mu ci tare. Ya zo ya auna ɗakin, ya ɗauki ƙarfe ya caka a ƙasa, ya zaro ya shafa da yatsa. Ya ce, “Baba, ƙasagga tana da laima, mun yi kusa da tabki. Sai an haƙe ta, a zuba tsakuwa, a yi mata kankare, kana a aza karo. In ba haka ba damana guda ta ishe ta.” Ya faɗi kuɗinsa. Na ji kamar an mare ni, amma na ce sai na neme shi.

A tasha na haɗu da na biyu. Ban riƙe sunansa ba, jar hula dai yake sawa, bakinsa kuma kamar an shafa masa zuma. Bai zo ya ga ɗakin ba. Ya tambaye ni taki nawa ne, na faɗa, ya ɗaga kai sama kamar mai lissafi, ya yanka mini kuɗin da bai fi rabin na Idi ba sai da kaɗan. Ya ce, “Alhaji, jibi war haka kana ganin huskarka cikin daɓe.” Ban je Makka ba a lokacin, amma ban gyara masa ba.

Ka dubi abin mamaki. Ni ne mutumin da bai taɓa sayen buhun wake ba sai ya tura hannu har gindin buhu, don na san mai kyau a baki ake zuba shi, mai ƙwari yana ƙasa. Na yi shekara da shekaru ina yi wa sababbin ƴan kasuwa dariya a kan wannan. Amma da aka zo kan abin da ba sana'ata ba, sai na sayi bakin buhu. Na ɗora kuɗin wannan kusa da na wancan, na ga ɗaya ya fi ƙanƙanta, na ce Idi ne ɓarawo.

Mai jar hula ya cika alkawari, ba zan yi masa ƙarya ba. Jibin da ya ce, na ga fuskata cikin daɓe. Bai haƙa komai ba. A kan tsohuwar ƙasa ya yi aikinsa, yana ɗiga siminti a kusurwoyin kowane karo da ɗan kaɗan a tsakiya, ya manna, ya wuce. Karon ma mai santsi ne, irin na ɗakin baƙi, don shi ne ya fi ƙyalli kuma shi na nuna da yatsa. Maƙwabta suka shigo kallo, aka yi ta sa albarka, ni kuma ina tsaye bakin ƙofa ina amsawa kamar ni na ƙera.

Ba a yi mako ba uwarka ta aza turmi za ta daka yaji. Taɓarya ta sauka, karo ya ce ƙas. Ta matsa gaba, na gaban ma ya ce ƙas. Ta dai ɗauke turminta ta kai gindin bishiyar bedi. Bayan wannan sai ruwan wanke-wanke. Maimakon ya nufi ƙofa, sai ya bi ta kusurwar da muke jingine buhunan hatsi ya kwanta, don ba wanda ya karkata daɓen. Rannan kuma ruwan kuɓewa ya zuba, ta taka, ta zauna daɓas da tukunya a hannu. Allah ya kiyaye ba ta karye ba, amma ta yi kwanaki tana salla a zaune. Da damana ta kankama, laima ta taso daga ƙasa, karon ya riƙa ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, kyankyasai suka sami gida a ƙarƙashi. Na je tasha neman mai jar hula, aka ce ya tsallaka iyaka. Ko da na same shi ma ba abin da zan riƙe shi da shi, don tun kafin ya fara na zube masa kuɗinsa duka, wai don ya ga ni ba ƙaramin mutum ba ne.

Araha ba ta ado, kowa ya san wannan, amma kada ka ɗauka ina cewa duk mai tsada mai gaskiya ne. Akwai mai tsada ɓarawo, akwai mai araha da yunwa ce kawai ta sa ya sauko. Abin da nake cewa shi ne kuɗin da aka faɗa a dunƙule ba ya gaya maka komai. Sai ka kwance shi. Ka raba kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Kayan, ba sai ka yarda da bakin kowa ba. Ka auna ɗakin da kanka, ka shiga shagon masu karo ka tambayi kwali nawa zai rufe shi, nawa ne kwalin, ka tambaya a shago na biyu. Haka siminti, haka amalanken yashi da na tsakuwa. In ka ga an rubuta kwali ɗaya fiye da awonka kada ka yi tsalle, karo yana fashewa wajen yanka, kuma gara ya ragu ka ajiye, don ranar da guda ya tsage ba lalle ka sami irinsa a kasuwa ba. Kuɗin hannu kuwa, ka tambayi mutum biyu ko uku da aka yi wa aiki bana, ba bara ba. Ka je ka ga aikin. Ka ƙwanƙwasa daɓen da kan makulli, wanda ya cika yana amsawa da nauyi, wanda aka yi wa ɗige yana ƙara kamar ƙwarya. Shi kuma mutumin wayarka, ka ce ya zo ya ga ɗakin ya rubuta nasa dalla-dalla yadda Lawali ya yi. In ya ce ba sai ya gani ba, ka gaishe shi, ka ce ina tambayarsa ko yana da jar hula.

Batun biya kuma, ko wa ka ba aikin, kafin alƙalami kawai za ka bayar, sai kuɗin kaya in za a saya, sauran sai ka zuba bokitin ruwa a tsakiyar ɗaki ka ga inda ya nufa. Wannan ba rashin yarda ba ne, mai aikin kirki ma ya fi son haka.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata takarda ba, da na gaya maka a tsaye. Waɗannan asarar kuɗi ce, kuɗi kuwa na yi asararsu a wake fiye da haka ban fasa barci ba. Wanda ke tafe shi ne dalilin da ya hana ni kiran Lawali.

Bayan kaka na koma wa Idi. Ban ce masa ya yi gaskiya ba, shi ma bai ce ya gaya mini ba. Ya shiga ya duba, ya ce yanzu aikin ya ƙaru, don sai an fasa na farko an kwashe. Amma ya ce zai bar mini a kuɗin da ya faɗa tun farko, kwasar ta zama tasa gudummawa. Mai hankali da ya ce madalla. Ni kuwa zuciyata tana tafasa da asarar da na yi, ina ganin ban iya biyan daɓe ɗaya sau biyu. Mai jar hula ya tsere, Idi ne ke kusa. Sai na huce haushin kaza a kan dami.

Na taya shi mu biyu, ya ce albarka. Na ƙara kaɗan, ya ce albarka, ya kuma bi ni da bayani, siminti kaza, tsakuwa kaza, leburori kaza. Ban saurara ba. A kasuwa na saba, in mai kaya ya ce albarka sau biyu, na ukun yana kusa da sallamawa, dabara kawai ake nema. Dabarar kuwa na san ta.

Na bari sai da aka yi magariba aka fito da akussa. Akwai Malam Garba, wanda ya fi mu duka shekaru, akwai sauran dattawan unguwa. Aka buɗe tuwo, hannuwa suka shiga. A nan na ta da maganar, cikin raha, kamar ba komai. Na ce, “Jama'a, ku taya ni roƙon ɗana Idi. Ɓarawo ya cuce ni, na komo gida, shi kuma ɗan gida shina son ya ƙarasa ni.”

Aka yi dariya. Idi bai yi ba, ya dai tsaya da loma a hannu. Ya ce, “Baba, ba haka ba ne. Kayan ne sunka hau.”

Malam Garba ya ce, “Haba Idi. Isuhu hwa ubanka ne. Ran da mahaifinka ya rasu wa ya tsaya muku? Ana ciniki da uba?”

Ni na san abin da nake yi. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, na tsaya musu da ubansu ya rasu, gaskiya ne. Amma na kawo maganar inda ba shi da bakin musu. Yaro ba ya jayayya da dattijo a kan akushi, ba ya kuma ƙirga buhunan siminti gaban sa'o'in ubansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Nawa kac ce, Baba?” Na faɗa. Ya ce, “Na sallama.” Aka sa masa albarka, aka ce ɗan halak ne. Ni kuma na ci tuwona har na side hannu, ina jin na iya ciniki.

Na zaci zai rama a cikin aikin, don haka na riƙa kewaya shi ina leƙe. Bai rage komai ba. Ya fasa, ya kwashe, ya haƙa, ya zuba tsakuwa, ya yi kankare ya bari ya sha ruwa ya bushe. Ya kawo karo mai kaushi wanda ƙafa ke kamawa. Ya shimfiɗa siminti cikakke ƙarƙashin kowane guda. Kafin ya fara, ya tsaya bakin ƙofa ya tambayi uwarka inda take daka, ya bar mata wurin ba karo, kankare zalla mai kauri daidai gindin turmi. Shi ne daɓen da ka sani. Har yau ko guda bai tsage ba.

Da Babbar Salla ta zo, Idi bai yi layya ba. Na lura, don ragon da yake kiwo a bayan ɗakinsa muna jin kukansa ta katanga, sai kuma muka daina ji. Ban kawo komai a raina ba, na ce shekara ce ta yi masa nauyi. Na sa aka kai masa cinya guda daga nawa, aka dawo aka ce yana godiya. Sai daga baya mai shagon siminti ya gaya mini, shi ma cikin hira, cewa ragon Idi ai a madafata yake. Kuɗin da na ba shi a kaya suka ƙare. Leburorinsa da ragon ya sallame su, shi kuwa kyauta ya yi mini guminsa. Na ji kunyar cinyar nan fiye da komai, har yau in na tuna ta sai in ji abinci ya fita raina.

Bai yi fushi a fili ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi, don fushi ana ba shi haƙuri. Gaisuwa ba ta ragu ba, yana durƙusawa kamar kullum. Akushinsa ne ya fara fashi, yau ya ce aiki ya riƙe shi a Maradi, gobe ya ce ya riga ya ci. Sannu a hankali wurin zamansa a tabarma ya zama na wani. Da ya sami aikin wani gini a Gabi, ya kwashe iyalinsa, kowa ya ce neman abinci ne. Wataƙila haka ne.

Na daɗe ina cewa zan gyara, girman kai yana cewa gobe. Shekarar da na dawo daga Makka na ɗaure abin da na rage masa a ƙyalle, na ƙara kuɗin rago a kai, na tafi Gabi. Ya tarbe ni da kyau, ya shimfiɗa mini buzu, aka kawo fura. Na ajiye ƙullin a gabansa na ce masa haƙƙinsa ne na madafa. Ya dube shi, bai taɓa ba. Ya ce, “Baba, wane haƙƙi? Ciniki ya hwaɗa tun tuni. Gaban mutane na sallama, ba a ɗaka ba.”

Na ce na san ban kyauta ba. Ya ce, “Ba komi wallahi. Ina Inna? Daɓen dai bai ba ta wahala ba ko?”

Na ce bai ba ta ba. Ya ce madalla. Ya rako ni har bakin hanya, ya sa mini ƙullina a aljihu da hannunsa. Haka muke har yau. In mun haɗu a jana'iza ko suna, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa, kowa ya kama gabansa. Na yi rashin mutumin nan, Sani, ina kuma jin rashin.

To, ga abin da na gani a takardar Lawali, da idon ɗan kasuwar wake, ba na magini ba. Ya rubuta haƙa da cikon tsakuwa da kankare. Ya rubuta irin karon, mai kaushi. Ya rubuta na gindin bango da farin simintin cike tsakani. Ya ware kuɗin hannunsa a fili inda kowa zai gani, wanda mai niyyar cuta ba ya yi. Ko kuɗin kowane abu daidai ne da kasuwar yau, ban sani ba, rabona da sayen siminti an daɗe. Wannan aikinka ne, yini ɗaya ya ishe ka. Abu guda ne ya tsaya mini, kuɗin mota daga Maradi. Ban ga dalilin ɗauko kaya daga can ba in ana samunsu a Ɗan Issa. Wataƙila yana da dalili, wataƙila bai yi tunani ba, wataƙila kuma ɗan abin da ya ɗora ke nan. Ka tambaye shi. Tambaya ba zargi ba ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma ku biyu za ku yi ta, a cikin madafar, inda zai iya ce maka a'a. Duk ragin da mutum ya yi maka a wurin da ba shi da ikon cewa a'a, ba ragi ba ne, ƙwace ne da sallama. In bayan ka bincika ka ga kuɗinsa daidai ne amma aljihunka bai kai ba, ka gaya masa haka, a rage aikin, a bar na gindin bango sai baɗi, ko a sa karo mai sauƙin kuɗi. Aiki ake ragewa in kuɗi ya gaza. In kuwa ka ga da gaske ya ɗora maka, ka ce masa ka gode, ka ba wani, ku ci gaba da zumuncinku. Na ga abota ta tsira daga “ban iya ba”. Ka kuma binciki zuciyarka, ko da baƙo ne daga Yamai ya miƙo maka takardar nan da ka ce ta yi yawa. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa ban jira Juma'a ba na ba direba takardar nan yau.

Ban san wa ka gaya wa shirinka ba, amma magana ta riga ka zuwa. Jiya bayan la'asar ina zaune a zaure sai ga Lawali. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Bayan gaisuwa ya ce, “Baba, na ji an ce kana nemana kan aikin Sani. Ba sai ka tara mini mutane ba. A bar shi ɗari da talatin ɗin, na yarda.”

Na ce, “Ka sake lissahi ne ka ga ka yi kuskure?”

Ya ce, “A'a, Baba.”

Na ce, “To ina hamsin ɗin za ta hito?”

Ya yi ɗan murmushi yana kallon tabarma, ya ce, “Allah shina nan.”

Na ce masa ban neme shi ba, ba ni da magana a cikin aikin nan, tsakaninsa da kai ne. Ya yi godiya ya tafi. Amma na san ba zai janye ba, tunda ya riga ya furta a gabana. Zai zo maka da ita ranar Alhamis. Ka ga ke nan ko bakina ban buɗe ba, sunana kawai ka ambata, ka sami abin da kake nema.

Yanzu zaɓi yana hannunka, ni ba zan ƙara ce maka komai ba. Kana iya ce masa ka ji, amma ku zauna ku bi takardar tare, abin da ya tabbata nasa ne ka ba shi cif. Kana kuma iya karɓa. In ka karɓa, kada ka ji tsoron aikin, na san Lawali, ba zai rage maka ko cokalin siminti ba. Za ka sami daɓe mai kyau wanda zai daɗe. Ni ma na samu.

Allah ya kai ku sabon gida lafiya, kai da Rakiya, ya tsare fitarku da shigarku. Ya sa madafar ta ga hayaƙi kullum, ya ba ku maƙwabta na kirki, ya sa ku ma ku zama na kirki gare su. Ya kare ka daga zaluntar wani da kuma a zalunce ka. Uwarka ta ce in gaya maka ƙaramin turmin nata ne, amma ta bar wa Rakiya. Ka gaida mutanen wurinku. Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Isuhu